Goyon Ƙirji

Laraba, da hantsi

Shina numfashi. Da wannan zan fara, sauran zance shi biyo baya.

Madam Mansura, ungozomar da ke kula da ɗakin jarirai a asibitin nan, ta ce bakina ya fi ƙarfin ɗakinta. Wai in na yi dariya har kwalaben jarirai na girgiza. To, tunda an hana ni magana, ga littafin waƙoƙinmu na zumuntar mata da sauran farar takarda a baya, ga biron Amadu da na ɗauke bai sani ba. Ni Kyauta ta Badagishiri ban taɓa kwana da magana a ciki ba, kuma ba a kan Madam, ƴar Malbaza, zan fara ba.

Jikata Rahama, matar Amadu, ta haihu ranar Lahadi. Cikin bai kai ba, wata bakwai ne. Biyu sunka zo, mace da namiji. Namijin muke da shi. Na rubuta sau ɗaya, ba ni ƙarawa.

Shi kuwa maigidan nawa, don tattaɓa-kunne namiji miji ne, an sa shi a kwalba. Na auri dogo, na binne shi, yanzu Allah ya musanya mani da wanda bai kai rabin tiyar gero ba. Ja wur kamar ɗan ɓera, da ƴar roba a hanci, ta nan ake ɗura mashi nono. Na leƙa ta jikin kwalba nic ce, "Maigida, an zo gidan amarya ko goro babu?" Sai ya yi hamma. Maza duk ɗaya suke.

Rahama na kwance fuska ga bango. Ta sha kunu. Ba ta tambayi inda kwalbar take ba.

Uwar Amadu, Inna Bushira, ta iso daga Tajaye da tukunya da itace. Musulma ce, kuma tun da ɗanta ya shiga ikilisiya ba ta taɓa juya mashi baya ba. Ita da tasbaha a wancan gefen gado, ni da Zabura a wanga gefe. In Allah bai ji ɗaya ba, ai ya ji ɗaya.

Alhamis, da la'asar

An fidda shi daga kwalba. Ba warkewa ya yi ba, an kawo wani daga Alela wanda ya fi shi ƙanƙanta, kwalaben kuwa ba su da yawa.

Madam ta tara mu tac ce, "Daga yau uwa ita ce kwalba." Wai a tuɓe shi, a bar mashi hula da ɗan ƙyalle, a kwantar da shi tsakanin nonon uwa, fata da fata, a ɗaure da zane, dare da rana. Ɗumin jikinta shi za ya riƙe shi, jin ƙanshinsa kuma shi za ya kawo mata nono. Sunan abin wai kangaru, wata dabba ce ta ƙasar nesa mai aljihu a ciki.

Nic ce, "Ana cin ta?"

Tac ce, "Kaka, mi nic ce maki jiya?"

Ta ɗauko shi ta nufi Rahama. Rahama ta ja mayafi ta rufe kai, ta tura hannuwa ƙarƙashin cinya. Madam ta tsaya da yaro a hannu kamar mai tallan da ba a taya ba.

Bushira tac ce, "Madam, ɗan fari ne fa. Gaban uwar miji? Yarinyar nan ta san abin da take yi."

Kuma ba ta yi ƙarya ba, mu duka haka munka yi. Ɗan fari ba ka kallonsa gaban mutane, ba ka kiran sunansa, ba ka nuna ka san da shi. Ita kanta Rahama ɗiyar fari ce, shi ya sa tun yaye take hannuna. Uwarta har yau in ta bugo waya daga Agadas sai dai tac ce, "Yaya waccan?"

Madam tac ce, "Ni dai na gaya maku. Yaron nan in ya yi sanyi, ba ni da wani ɗumin da zan ara mashi."

Sai na tuɓe riga. Abin da ya rage mani a ƙirji kamar silifa biyu ne da anka manta a rana, amma wurin kwanciya akwai. Anka ɗora mani shi, anka ɗaure. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Zuciyarsa kawai nike ji, ƙaf-ƙaf-ƙaf, kamar ta ɗan tsako.

Shina numfashi.

Juma'a, da safe

Ya yi mani fitsari. Aure ya ɗauru.

Asabar, bayan azahar

Amadu ya dawo daga Badagishiri. Shi da fasto sunka tafi tun ran Litinin da abin da sunka tafi da shi, cikin farin ƙyalle. Ya ce ƙasa da taushi saboda ruwan sama, aikin bai yi wuya ba. Iyakar abin da ya ce ke nan, ni ma ban ƙara tambaya ba.

Ya shigo ɗakin, ya gaida uwarsa, ya gaishe ni, ya kafa wa silin ido. Nic ce, "Amadu, yaron ba sama shike ba, ga shi nan ƙirjina, ya ƙwace maka kaka." Ya yi murmushi, ya saci kallo da wutsiyar ido, ya ga uwarsa na kallonsa, ya koma ga silin. Gobe za shi koma, gero na jiran maimai.

Kullum da safe Madam na ɗora yaro a sikeli. Ni ban san lambobin ba, fuskarta nike karantawa. Yau ta taɓe baki.

Rahama na tatsa a bayan labule, cikin ɗan kofi. Jiya ya rufe gindin kofin. Yau bai rufe ba. Madam ta ce akwai madarar gwangwani, amma cikin irin waɗanga bai cika karɓarta ba, na uwa ake so.

In zan ci abinci ko in zaga, Bushira ke karɓarsa. Ƙirjinta ya fi nawa nama, na ce mata kada ta kuskura ta janye mani hankalin miji. Tac ce, "Riƙe abinki, ni mai gemu nike jira."

Lahadi, da yamma

Ruwa tun safe. Ina jin masu sujada na waƙa can ɗakin addu'ar asibiti, ni ina nan ɗaure da maigida.

Da ruwa ya tsagaita, matan ɗakin sunka ce, "Kaka, ba mu labari." Madam ba ta nan. Sai na ba su na annabi Elisha da matar nan mai arziki wadda ta gina mashi ɗaki a saman soro. Na ce masu matar ta yi ta zama ba haihuwa, mijinta kuwa tsoho ne tukuf, irin wanda in ya zauna sai an kira maƙwabta su tashe shi. Allah ya ba ta ɗa. Yaro ya girma, ya bi ubansa gona, rana ta buge shi, ya ce kaina, kaina. Uban, da yake namiji ne, mi yac ce? "Ku kai shi wajen uwarsa." Matan sunka kwashe da dariya, wata ƴar Tsarnawa har da tafi.

Yaro ya cika. Matar ta hau jaki ta tafi wajen annabi. Annabi ya ba baransa sanda yac ce, yi gaba ka ɗora a fuskar yaron. Bara ya ruga, ya ɗora sanda. Shiru. Ya juya ta, ya sāke ɗorawa. Shiru. Sanda dai sanda ce, ko ta annabi ce. Sai da Elisha ya zo da kansa, ya rufe ƙofa, ya yi addu'a, ya kwanta bisa yaron, baki ga baki, hannu ga hannu, har jikin ya ɗauki ɗumi. Yaro ya yi ta atishawa, ya buɗe ido.

Na ɗaga murya yadda bango za shi ji, nic ce, "Ni dai tsohuwar sanda ce anka aiko gaba. Ana jiran mai sanda."

Bangon bai motsa ba. Amma na ga ƙafarta ta daina kaɗawa.

Talata, da hantsi

Madam ta sāke taɓe baki. Ban tsokani kowa ba yau.

Talata, da magariba

Shina numfashi. Ya Ubangiji, kai ka ce ko ɗan tsuntsu ba ya faɗuwa ƙasa ba da saninka ba. To ga wani ɗan tsuntsu nan. Na san ka gan shi. Ina dai tuna maka ne, don ni ma in an tuna mani abu ba ni jin haushi.

Laraba, bayan wankan safe



Da sassafe na kai Rahama bayan rumfar masu jinya don wankan jego, Bushira na riƙe da yaro. Ina tsoma ganyen dogon yaro a ruwan zafi ina fyaɗa mata a baya, ina yi mata tsiya yadda na saba. Nic ce, "Ke da ba ki jin kunyar cinye mani ƙosai tun kina rarrafe, yau ke ce sarauniyar kunya? Ko gaban liman kika yi wannan ai ya ce ya isa."

Ba ta yi dariya ba. Tac ce, "Kaka."

Nic ce, "Na'am."

Tac ce, "Ita na ɗauka."

Na tsaya da ganye a hannu.

Tac ce, "Da sunka fito, ita anka fara miƙo mani. Na manta da kowa. Na rungume ta, na ce ɗiyata, ɗiyata, da ƙarfi, Inna na bakin ƙofa tana ji. A nan ƙirjina take har ta yi shiru. Shi ban taɓa shi ba, ga shi nan da rai. Kaka, in na ɗauke shi fa?"

Ashe ba kunya ce ba. Kunya mayafi ce kawai ta samu ta lulluɓa da shi, mu kuma tsofaffi biyu muna ta yaba mata kyan mayafin.

Ruwa ya huce a tukunya. Na zauna a kan dutsen wankan da zanena, na jawo kanta na ɗora a kafaɗata. Ta yi kukan da ba ta yi ba tun ran Lahadin haihuwa. Na bar ta ta yi. Da ta sassauta nic ce, "Ba ƙirjinki ya ɗauke ta ba. Ƙirjinki shi ne abu mai daɗi guda ɗaya da ta samu a duniya, daga nan ta wuce ƙirjin Yesu. Ba ta taɓa sanin ƙasa mai sanyi ba, daga hannu sai hannu." Ban san inda na samo maganar ba. Ba tawa ba ce.

Da munka juyo, sai ga bokitin ruwan zafi aje a bakin zana, yana tururi. Ba mu munka kawo shi ba. Bushira ta ba wata maƙwabciyar gado yaron ta kawo mana ƙarin ruwa, ta aje, ta koma. Ban san tun yaushe ba.

Laraba, da la'asar

Na buɗe annabi Ishaya, wurin da marigayi malaminmu ya ja mani layi da jan biro tun muna ajin karatun manya. Na karanta wa Rahama a hankali, da yatsa, don idona ya fara cin amanata. Wurin da ke cewa Ubangiji makiyayi ne, shina tattara ƴan raguna da hannunsa, shina ɗaukarsu a ƙirjinsa, masu shayarwa kuma shina bi da su sannu-sannu.

Nic ce, "Kin ji? A ƙirjinsa. Ba a baya ba. Tun kafin Madam ta ji labarin dabbarta mai aljihu, Allah na goyon ƙirji. Kuma gaban kowa shike yi, bai ji kunyar kowa ba."

Tac ce, "Sāke karanta na ƙarshen."

Na sāke. Masu shayarwa, sannu-sannu.

Tac ce, "To shi bi da ni sannu."

Nic ce, "Shi ya bi da ke sannu, ni ce dai mai gaggawa."

Ta yi ɗan murmushi. Ta kalli hular yaron da ke leƙowa daga zanena. Hular kawai. Amma ta kalla.

Alhamis, da hantsi, daga waje

Zaman da na yi a jiƙaƙƙen dutse ya biya ni. Na tashi da mura, hanci na zuba kamar indararo. Atishawa ɗaya na yi, Madam ta kwance yaro daga jikina kamar ta kama ni da kayan sata, ta nuna mani ƙofa. Wai sai na warke. Nic ce, "Raba aure zunubi ne." Tac ce, "Na ɗauka."

Sai na zagaya na tsaya a taga, ta nan ina ganin gadon.

Madam ta juya wajen Bushira da yaro. Bushira, wadda ta sauko daga mota da damin itace a ka ba ta ko nishi ba, ta dafe ƙirji tac ce, "Wayyo, madam, tun jiya nan ke mani suka. Ba ni iyawa."

Madam tac ce, "Inna, to wa za ya riƙe shi?"

Bushira ta miƙe. Ta ɗauki tabarmarta ta shimfiɗa can kusurwar gabas, ta zauna ta ba gadon baya, ta fiddo tasbaha. Ta yi magana da bango, da ƙarfi, yadda duk ɗakin za shi ji: "Na ɗauki alkawarin wuridi saboda jikana. Mai tsawo ne. Fuskata gabas take daga yau har a sallame mu. Abin da ke bayana ban gan shi ba, ban ji shi ba, kada kowa shi ba ni labari."

Madam na tsaye da yaro tsirara a tafin hannu, shina ɗan motsa ƙafa.

Rahama ta kalli bayan Bushira. Ta kalli taga. Na ɓoye hancina a mayafi, ban ce komai ba, Allah shaida, wannan kaɗai abin a rubuta ne.

Ta kwance ɗaurin ƙirjinta.

Da Madam ta ɗora mata shi, ta runtse ido, hannuwa a sama kamar wadda jandarma ya tsayar. Madam ta ɗaure zanen ta ja baya. Yaron ya yi ƴan mutsu-mutsu, ya tura fuska, ya lafe. Can sai hannunta ɗaya ya sauko bisa bayansa. Can sai ɗayan.

Na tafi bayan rumfa na fyace hanci. Mura ce.

Juma'a, da safe

Shina numfashi. A ƙirjinta ya kwana, shina numfashi.

Asabar, da azahar

Nono ya zo. Ya zo har ya jiƙa zane, ya cika kofi, Madam ta aika a kawo na biyu. Ta fito ta same ni a taga tac ce, "Kaka, kin gani?" Nic ce, "Ni na ba ta kunun kanwa." Tac ce, "To, ke ce." Yarinyar nan ta fara hankali.

Bushira na nan fuska gabas. In za ta fita, da baya-baya take bin bango kamar ƙaguwa, har ta taka kwanon ƴar Tsarnawa. Na tare ta a rumfa nic ce, "Yaya ciwon ƙirji?" Tac ce, "Da sauƙi." Nic ce, "Wuridin nan naki, wane malami ya ba ki shi?" Tac ce, "Wanda ya ba ki labarin sanda." Munka zauna munka ci dafaffiyar gyaɗa.

Litinin, da hantsi

Madam ta ɗora shi a sikeli, ta yi murmushi har na ga wushiryarta. Ashe tana da wushirya.

Laraba, da yamma

An bar ni na koma ciki jiya, mura ta tafi. Gara da anka bar ni, don da a taga nike yau da na fasa ta.

Wajen azahar muna zaune, ina tsefe wa Rahama kai, sai na ji ta ƙame. Tac ce, "Kaka, ya yi shiru." Na leƙa cikin zanen. Leɓɓansa sun canza, sun yi kalar toka. Cikin nan da ke ɗagawa kullum ya tsaya.

Bakin nan nawa da kowa ke kuka da shi, ko sunan Yesu kasa fitowa ya yi.

Na ɗauka za ta cire shi ta miƙa wa wani. Ba ta cire shi ba. Ta zura hannu ta kama tafin ƙafarsa tana murzawa, tana shafa bayansa da ƙarfi yadda Madam ta koya masu, tana faɗi, "A'a. A'a. Ɗana, tashi. Ɗana! Ba ka zuwa ko'ina, ka ji ni? Ɗana!" Har masu jinya na waje sunka ji. Ƴar Tsarnawa ta ruga kiran Madam.

Kafin Madam ta iso ya ja wani dogon numfashi kamar tsoho ya hau tudu, ya yamutsa fuska, ya tsala kuka. Kukansa na farko mai sunan kuka. Siriri kamar na ɗan akuya, amma ban taɓa jin waƙar da ta kai shi ba, har da ta Kirsimati.

Madam ta duba shi, ta kira lokotoro, babban likitan, ya duba. Sun ce bakwaini na yin haka, sukan manta da numfashi sai an tuna masu, kuma uwar ta yi daidai. Da a shimfiɗe shike shi kaɗai, da ba wanda ya lura da wuri.

Sai da komai ya lafa na ga Bushira tsaye a kanmu, tasbaha a ƙasa, fuska yamma sosai. Nic ce, "Hajiya, gabas ta can ce." Tac ce, "Rufe mani baki, Kyauta." Ta dafa kan Rahama tac ce, "Allah shi yi maki albarka, ɗiyata." Rahama ta sunkuyar da kai, amma ba ta saki yaron ba. Bushira ta naɗe tabarmar ta dawo da ita gefen gado. Wuridi ya ƙare.

Alhamis, da safe

Shina numfashi. Na karanta Zabura ta inda ke cewa kuka kan kwana, amma da safe sai murna. Na ce wa Ubangiji safiyar nan tasa ta yi nisa, amma na gode da ta zo.

Lahadi, bayan sujada

An cire robar hanci. Ya kama nono da bakinsa. Yadda shike ja, wallahi irin na gidan Amadu ne, ba su san a bar wa wani ba.

Na je sujada yau. Mai wa'azi ya yi tsawo, na yi gyangyaɗi, na farka ana amin. Ban ji kunya ba, Ubangiji ya san bashin barcin da nike ɗauke da shi.

Juma'a, da la'asar, Badagishiri

Mun iso gida. Madam ta raka mu har bakin mota tana jera mana dokoki: goyon ƙirji ya ci gaba har sai yaro da kansa ya ƙi, ban da ruwa, ban da jiƙo, ban da wanzami, a dawo awo. Nic ce, "Za ki yi kewar bakina." Tac ce, "Ɗakin za shi huta." Sai ta rungume ni, ƙashina har ya yi ƙara.

Gero ya yi kai, kwari duk ya yi kore, kamar ba abin da ya faru.

Asabar, da safe

Rahama tac ce Amadu shi kai ta. Sun tafi su biyu, da yaron a ƙirji, can bayan majami'a inda anka binne ƴar'uwarsa. Ban bi su ba. Sun jima. Da sunka dawo idonta ja, amma ta ce tana jin yunwa, ta cinye tuwon da na aje wa kaina.

Lahadi, da la'asar

Yau anka yi suna, a makare, amma an yi. Fasto ya yi addu'a, Amadu ya raɗa mashi Ishaya. Nic ce sunan ya fi shi nauyi, sai dai a riƙa ɗaukar masa shi a kwando har shi girma.

Dangin Amadu sun zo daga Tajaye cike da mota, sun zo da wanzaminsu, Maman Sani, wanda ya yi wa Amadu aski da duk ƙannensa. Bayan an ci an sha sai ya shimfiɗa buzu a tsakar gida, ya buɗe zabira, ya jera aska da ƴar ƙugiyar cire hakin wuya. Baffan Amadu, dattijo mai farin gemu, yac ce, "A kawo yaro."

Ni da Bushira munka kalli juna. Ina shirya bakina, ita ma na ga tana gyara zama. Ba mu kai ga magana ba.

Rahama ta fito daga ɗaki da kanta, yaro ɗaure a ƙirji, gaban surukai maza da mata. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida baffa yadda ya kamata. Sa'an nan tac ce, "Baffa, ku yi haƙuri. Likitoci sun hana. Ba a sa wa Ishaya ƙarfe."

Ishaya. Da bakinta, a tsakar gida. Wata gwaggo ta saki ludayi cikin fura.

Baffa yac ce, "Ikon Allah. Ɗiyar nan, ɗan fari ne fa kike kira haka gatsau."

Tac ce, "Na sani, Baffa. Shi ke gare ni."

Baffa ya juya wajen Bushira, shina jiran ta tsawata. Bushira tac ce, "Ni ina can, kai ba ka can. A bar mata ɗanta."

Maman Sani ya dubi askarsa, ya dubi ɗan kan da ke leƙowa daga zane, yac ce, "Ni ma dai ban ga inda zan kama ba. In ya yi gashi ku kira ni." Nic ce, "Tunda ka wasa ta, ga gemun Baffa nan." Baffa ya kama gemunsa da hannu biyu, tsakar gida ta ɗauki dariya, har shi. Anka ba wanzami cinyar rago da goro, ya naɗe zabirarsa.

Baƙi sun watse yanzu. Tsakar gida duk ƙasusuwa da kwanonin da ba a wanke ba, kuma ba ni za ni wanke su ba. Rahama na zaune bakin ƙofa inda rana ke bugawa, ta buɗe zanen kaɗan tana kallon fuskarsa. Kallo sosai, ba na sata ba. Mutane na wucewa ta ƙofar gida suna ganinta, ba ta ko ɗaga kai.